Abin Da Ikrima Yake Shaƙa

Tun daga ƙofar falo Khairat ta ga takalman Gwaggo Ummi, kusa da su kuma baƙaƙen takalman ɗanta Badruddeen suna sheƙi. Gwaggo, yayar Abbanta, ba ta zuwa gidansu na unguwar Ɗan Iya a ranar aiki sai da dalili.

Ta yi sallama. Umma kaɗai ta amsa, ita ma can ƙasan maƙoshi.

"Zauna nan, Mamana," in ji Abba. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake kiranta haka, amma yau sunan ya fito babu taushi.

Ta sauke jakar makaranta ta durƙusa ta gaishe su. Abba ya miƙo mata wayar Badruddeen.

"Kalli wannan, ki faɗa min wa kika gani."

Bidiyo ne, an ɗauke shi daga nesa a bayan wani masallaci ranar ɗaurin aure. Ikrima ne, saurayin da manyansa za su zo neman aurenta bayan Sallah. Yana jingine da mota. Ya waiga hagu da dama, ya ciro wata 'yar kwalba daga aljihu, ya cusa bakinta a hanci ya shaƙa da ƙarfi. Ya watsa ƙwayoyi a baki ya haɗiye babu ko ruwa. Sannan ya dafe kai ya durƙusa a gefen taya. Da ya ɗago, idanunsa jawur.

Khairat ta mayar wa Abba wayar.

"Wallahi ban so na nuna ba, Kawu," in ji Badruddeen, kansa a ƙasa. "Amma in na yi shiru Allah zai tambaye ni."

"Ai ka kyauta," Gwaggo ta karɓe. "Ga ɗan gida an sani, an san tarbiyyarsa, yana son yarinya tun tana sakandare, an tsallake shi an je ƙauyen Miri an kwaso wanda ba a san ciki da wajensa ba. Zubairu, gidan nan bai ishe ka da kukan ƙwaya ba?"

Umma ta kai bakin mayafi ga idonta.

Babu wanda ya ambaci sunan Muhyiddeen, yayan Khairat, amma kowa shi ya tuna. Shi ne ɗan Abba namiji tilo. Da maganin tari ya fara, ya koma ƙwayoyi, aka yi ta yawon asibiti da gidajen malamai da shi, har wata safiya aka buga ƙofar ɗakinsa bai buɗe ba.

"Abba," Khairat ta ce, "ka bar ni in tambaye shi. Ikrima ba ya ko shan taba."

"Yayanki ma ba ya shan taba," in ji Abba. "Na binne ɗa ɗaya. Ba zan ɗauki 'yar da ta rage min in kai ta ta yi jinyar irin wannan ciwon ba. Ki gaya masa kada manyansa su wahalar da kansu."

* * *

Abin da ya fi ƙona mata rai a hanyarta ta zuwa jami'a a Gubi washegari shi ne, ita ma ta sha gani. Sau nawa Ikrima zai ce yana tafe, sai ya aiko da saƙon wani uzuri? Sau nawa suna cikin hira zai yi shiru, ya dafe gefen goshinsa na dama, in ta tambaya ya ce gajiya ce? Ga maganarsa kullum kamar mai mura, ga numfashi ta baki. Ta ɗauka halittarsa ce.

Ta kira shi ta ce ya same ta a makaranta. Bayan azahar ya iso a kan babur, da sauran ƙamshin kindirmo a rigarsa. Tun da ya gama karatun kiwon dabbobi a nan Gubi ya buɗe ɗan wurin sarrafa nono a Miri, yana karɓa daga rugagen danginsa yana kai wa shaguna cikin gari.

Suka zauna a benci ƙarƙashin wata bishiyar maina. Ba ta gaishe shi ba. Ta nuna masa bidiyon, wanda Badruddeen ya turo mata da safe tare da doguwar nasiha.

Ikrima ya kalla har ƙarshe. Ya sa hannu a aljihu ya ciro kwalbar ya ɗora a tafin hannunta, ya ƙara da katin ƙwayoyin.

"Karanta."

Maganin feshin hanci ne, irin na mura. Ƙwayoyin kuma na ciwon kai, waɗanda ake samu a kowane kemis.

"Ina ɗan shekara goma wani bijimin Bappana ya kai min karo a nan," ya ce, ya taɓa karan hancinsa. "Jini ya zuba, aka sa min magani na gida, ya tsaya. Daga waje ba a ga komai ba. Amma tun daga lokacin ƙofar hancina ta dama ba ta ƙara buɗewa sosai ba. Ciwon kan sai da na girma ya zo. Daga nan yake tashi, tsakanin ido da hanci, ya hau goshi, kamar ana murɗa ƙusa. Idan ya taso idona ya yi ja, ya yi ta ruwa. In na fesa wannan hancin ya ɗan buɗe, sai ya lafa na ɗan lokaci."

Khairat ta dube shi, hawaye suka ziraro mata.

"Shekara biyu muna tare, Ikrima. Shekara biyu kana ce min gajiya."

"A gidanmu namiji ba ya cewa wayyo. Haka aka raine mu."

"To ni matar da za ka aura ce ko baƙuwa? Jiya aka tsare ni a gaban Abba, ban da abin da zan kare ka da shi. Na buɗe baki na rasa me zan ce, saboda ni ma ban sani ba. Ka san abin da ya fi min ciwo? Na kwana ina tambayar kaina ko gaskiya suka faɗa."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Na ji tsoron ki ga kamar lalataccen mutum za ki aura. Wanda rabin kwanakinsa a kwance yake a ɗaki mai duhu."

"Ka je asibiti?"

"Na gaji da zuwa. Wani ya ce zazzaɓin sauro, wani ya ce taifod, wani ya ba ni tabarau. Bara wani likita ya leƙa hancin ya ce in je sashen kunne da hanci, wataƙila sai an yi aiki. Da na faɗa wa Inna sai ta bar cin abinci."

"Saboda me?"

"Babana da ƙafarsa ya shiga ɗakin tiyata. Ciwon ciki ne, an makara ba a kawo shi da wuri ba. Bai fito da rai ba. Inna ta ce muddin tana numfashi babu mai sa min wuƙa."

Khairat ta share fuskarta da bakin hijabi. Ta mayar masa da kwalbar.

"Abba ya ce kada manyanka su zo. Gwaggo tana nan tana tura masa Yaya Badar. Ni ba ni da ƙarfin yaƙi da su in kai kana ɓuya. Ka zaɓa. Ko ka bari a gan ka da ciwonka, ko ka bari a ci gaba da ganinka ɗan ƙwaya."

* * *

Bappa Hammajoda, ƙanin mahaifin Ikrima, shi ya zo Ɗan Iya. Dogon dattijo ne siriri, mai maganar Hausa da karin Fillanci. Ya ƙi shiga falo, ya zauna a tabarmar zaure. Khairat na laɓe a bayan ƙofa tana ji.

"Alhaji, ban zo roƙon aure ba," ya ce. "'Yarka ce, ka ba wanda ka so. Amma an shafa wa ɗanmu baƙin fenti, har a kasuwa an fara nuna shi. Bijimina ne ya ji masa ciwon, a gabana. Gobe zai je wurin likita. Ka zo ka ji da kunnenka. In ƙarya ne, ni da kaina zan hana shi bin layin nan."

Abba ya dube shi yana jan carbi.

"Zan zo," ya ce. "Ba don na yarda ba."

Da baƙon ya tafi ya leƙo ciki ya same ta tsaye. Bai yi mata faɗan laɓe ba.

"Ke ma ki shirya. Kada gobe ki ce an zalunce ki."

Washegari suka haɗu a asibiti. Likitar mace ce, Dakta Mojisola, Bayarabiya haifaffiyar Bauchi, mai fara'a da saurin magana. Ta dubi taron da ya cika mata ofis ta yi murmushi.

"Duk majinyaci ɗaya ne ya kawo ku? To bismillah. Malam Ikrima, yanzu kan yana ciwo?"

"Tun asuba."

"Madalla. Ba mugunta ba ce, haka nake so in same shi."

Ta zaunar da shi a kujerar gwaji, ta ɗauko wani siririn bututu mai fitila da kyamara a bakinsa, ta zura a hankali cikin hancinsa. Hoton ya fito a allon da ke gefe. Ta fara da hagu, hanya a buɗe. Da ta koma dama sai ta tsaya, ta yafito Abba.

"Baba, matso ka gani. Tsakanin ƙofofin hanci biyu akwai bango, gabansa guringuntsi, bayansa ƙashi. Ya kamata ya tsaya a tsakiya. Nasa ya karye tun yana yaro, ya warke a karkace. Ka ga wannan tsinin? Ƙashi ne ya fito kamar ƙaya, yana soke tsokar da ke gefe. Wurin cike yake da jijiyoyi, kuma su ne dai suke zuwa ido da goshi. Shi ya sa matsalar tana hanci, shi kuma a kai yake jin ta."

Abba ya gyara tabarau ya ƙura wa allon ido.

"Amma ba kowane karkataccen hanci yake sa ciwon kai ba," ta ci gaba. "Mutane da yawa suna da shi lafiya lau. Bari mu gwada mu gani ko shi ne mai laifin."

Ta jiƙa 'yar auduga da maganin kashe zafi, ta sa ta daidai inda tsinin yake taɓa tsokar. Ta ce a jira.

Khairat ba ta iya ɗauke ido daga fuskarsa ba. Goshinsa a tattare yake kamar kullum, idon dama a ɗan runtse. Can sai ta ga tattarar tana sakewa a hankali. Ya buɗe idon gaba ɗaya. Ya kai hannu goshi ya shafa, ya juya kai hagu da dama kamar mai neman wani abu da ya faɗi.

"Ya tafi," ya ce a hankali. "Bappa, ya tafi."

Sai kawai ya rufe fuska da tafukansa, kafaɗunsa suka soma girgiza. Bappa Hammajoda ya juya ya fuskanci taga.

"Zai dawo in maganin ya sake shi," in ji likitar. "Amma mun samu amsa. Za mu yi hoton kai mu tabbatar babu wani abu a kogunan da ke kewaye da hanci. Wannan feshin kuma ka daina. Na kwanaki kaɗan ne, in ya wuce haka shi da kansa yake ƙara kumbura hancin. Ƙwayoyin ma in ana shan su kullum suna jawo nasu ciwon kan, su ci ciki, su taɓa ƙoda."

Ta yi bayanin aikin. Ta cikin ƙofar hanci ake shiga, ba a yanka fuska, babu tabo. A ɗaga fatar da ta lulluɓe bangon, a cire tsinin, a miƙe guringuntsin, a mayar da fatar a ɗinke. Za a yi masa allurar barci. Zai tashi da auduga a hanci, da kumburi na ɗan lokaci, kuma jini zai iya zuba.

"Ba zan yi muku alkawarin ciwon kai zai tafi gaba ɗaya ba. Amma wanda gwajin nan ya yi masa haka, yawanci yana samun sauƙi sosai. Numfashi kuwa zai gyaru, in sha Allahu."

Ikrima ya goge fuskarsa ya dubi Abba.

"Likita, ina so a gwada jinina da fitsarina yanzu, a gaban Abba. A duba ko akwai wani abin maye."

Abba ya miƙe tsaye, ya ɗauki hularsa daga gwiwa ya sa.

"A bar shi," ya ce, ya fita.

* * *

A mota, da suka kusa gida, Abba ya yi mata magana.

"Maganar lafiyarsa daban, maganar aure daban. Kada ki haɗa su."

"To, Abba."

Satin ya wuce babu labari mai daɗi. An yi hoton, an ba da ranar aiki, amma Inna Habibatu ta kafe. Ta ce in Ikrima ya shiga ɗakin nan to ya nemi wata uwar. Shi kuma ya daina feshin kamar yadda aka ce, hancin ya toshe gaba ɗaya, ciwon ya kwantar da shi. A waya Khairat da ƙyar take gane muryarsa.

"Ba zan iya tsallake maganarta ba, Khairat. Ita kaɗai ta rage min."

"Ban ce ka tsallake ba," ta ce tana kuka. "Ni dai ban san me zan yi ba ne."

Ba ta san Abba yana tsakar gida yana alwala, yana jin ta ba.

Ranar Asabar da hantsi ya ce ita da Umma su sako mayafi. Sai da motar ta bar kwalta ta shiga tsakanin gonakin dawa sannan ta gane Miri suka nufa.

Inna Habibatu ta shimfiɗa musu tabarma a inuwar ɗakinta, ta kawo fura da nono a ƙwarya. Farar tsohuwa ce, ƙarama, mai kaifin ido. Ta zauna nesa kaɗan ta ba Abba gefe, Bappa Hammajoda a tsakaninsu. Bayan gaisuwa ta riga kowa magana.

"Alhaji, in maganar wuƙa ce ta kawo ka, ka yi haƙuri. Na kai ɗaya, a likkafani aka dawo min da shi."

"Na sani, Hajiya. Allah Ya jiƙansa," in ji Abba. "Ni ma na rasa nawa. Ɗana namiji, shi kaɗai. Ba wuƙa ce ta kashe shi ba, ƙwaya ce. Ina gani yana haɗiya, ina cewa gobe zan ɗauki mataki, gobe zan ɗauki mataki."

Khairat ba ta taɓa jin ya yi maganar Muhyiddeen a gaban kowa ba. Umma ta kama hannunta ta matse.

"Naki ba irin tasa yake sha ba, na gani da idona, kuma na yi masa mummunan zato. Amma likita ta ce waɗannan ma in ya ci gaba za su ci masa ciki da ƙoda. Mijinki an kai shi ne ciwo ya riga ya gama da shi. Wannan yaron da ƙarfinsa zai shiga. Rai a hannun Allah yake, ba zan ce miki ga abin da zai faru ba. Amma da ni aka nuna wa ƙashin da ke damun ɗana, aka ce za a iya cirewa, da a bayana zan goya shi in kai shi."

Inna ta sunkuyar da kai. Hawaye suna ɗiga a kan zanenta, ba ta share ba. Ta juya ta yi wa Bappa magana da Fillanci, ya amsa mata a taƙaice. Sannan ta ɗago ta dubi Khairat, karo na farko.

"Ke ce yarinyar?"

"Ni ce, Inna."

"Ke ba kya tsoro?"

"Ina ji, Inna. Sosai."

Tsohuwar ta gyaɗa kai, kamar amsar da take jira ke nan.

"To a yi. Amma ni zan zauna a bakin ƙofar. Babu mai tashina."

* * *

Haka kuwa aka yi. Ranar aikin Inna ta ƙi benci, ta shimfiɗa ɗankwali a ƙasa daf da ƙofar ɗakin tiyata ta zauna da carbinta. Wata nas mai suna Phoebe ta zo ta lallashe ta ta matsa saboda gadon marasa lafiya, ta matsa taku kaɗan, da nas ɗin ta juya ta koma wurinta.

Khairat da Umma suna benci. Abba da Bappa suna tsaye a baranda. Wayar Abba sai ƙara take yi, yana dubawa yana mayarwa aljihu. Khairat ta san Gwaggo ce.

Duk lokacin da ƙofar ta motsa sai Inna ta zabura. Daga baya Khairat ta sauko daga benci ta zauna kusa da ita a ƙasa. Can ta ji hannun tsohuwar, busasshe mai sanyi, ya kama nata.

Rana ta ɗaga sosai kafin Dakta Mojisola ta fito tana sauke takunkumin fuskarta.

"Mama, ɗanki lafiya lau. Mun cire ƙashin, mun miƙe bangon. Yana farfaɗowa."

Inna ta saki hannun Khairat. Ta juya gabas ta kai goshinta ƙasa a nan kan siminti.

Da aka fito da shi hancinsa a naɗe yake da farin bandeji, leɓɓansa a bushe, yana numfashi ta baki. Ya buɗe ido da ƙyar ya ga Inna, ya ga Khairat a bayanta, ya yi ƙoƙarin magana.

"Yi shiru," in ji Inna. "Duk surutun da ba ka yi ba shekara da shekaru, yau za ka yi shi?"

Bayan an cire audugar aka sallame shi. Makonnin farko da wuya, hanci a kumbure, ana wanke shi da ruwan gishiri safe da yamma, an hana shi fyace majina da ɗaukar kaya mai nauyi. Ciwon kan ya leƙo sau ɗaya, mara ƙarfi, har hankalin Khairat ya tashi, likita ta ce kumburi ne. Daga nan sai ya yi ta ja da baya. Wata safiya ya kira ta, muryarsa a washe har ta ɗauka wani ne.

"Na tashi yau ina jira ya zo, bai zo ba. Na zauna a bakin gado na rasa me zan yi da kaina."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Amma a gida Abba bai sake tayar da maganar ba. Gwaggo kuwa ta zo ranar Juma'a da la'asar, ta shiga ɗakinsa ta rufe ƙofa. Daga kicin Khairat take jiyo muryarta.

"Ni na goya ka, Zubairu. Da uwarmu ta rasu ni na bar makaranta na riƙe ka. Yau ɗana ne za ka kunyata saboda bare? Ya ga abu ya faɗa, laifi ne?"

"Faɗa min ba laifi ba ne, Yaya. Amma bai tsaya a kaina ba. Ya tura wa abokansa, har kasuwa ta ɗauka. Masu shago sun daina karɓar nonon yaron nan. Kuma ko bai yi haka ba, ita ba ta son sa."

"To ka zaɓa. Ko ni ko su."

Abin da Abba ya amsa bai fito ba. Ƙofar ta buɗe, Gwaggo ta fito da mayafi a hannu, ta wuce Umma da ke ba ta haƙuri ko kallonta ba ta yi ba.

Can aka kira magariba. Da Abba ya dawo daga masallaci ya zauna a kujerarsa ta tsakar gida ya kira ta. Ta zo ta durƙusa. A hasken ƙwan lantarki ta ga kamar ya ƙara tsufa a yini ɗaya.

"Mamana, na yi waya da Malam Hammajoda. Na ce su zo bayan Sallah kamar yadda aka tsara."

Ta sunkuyar da kai, hawaye suka cika mata ido.

"Tsaya, ban gama ba. Gwaggonki ta ce ba za ta sake taka gidan nan ba, kuma na san ta, za ta daɗe ba ta sauko ba. Wataƙila ba za ki gan ta a bikinki ba. Matar nan ita ce uwata bayan uwata. Ina so ki san abin da na ajiye kafin na ɗauki wannan."

"Abba, ka yafe min."

"Ba ki yi min komai ba. Amma ranar Sallah ke za ki fara zuwa gidanta. In ta kore ki, ki koma washegari. In ta sake korarki, ki sake komawa."

"Zan je, Abba."

Ya jingina da kujera ya lumshe ido. Ta yunƙura za ta tashi sai ya sake magana, idonsa a rufe.

"Ki ce wa Ummanki gobe ta yi farfesun kaza, kada ta sa yaji da yawa. Ni zan kai wa yaron nan Miri da kaina."